Ƙunar Salansa da Gashin Zomo

Ta dama na sauka. A gidanmu an raine mu a kan da dama ake fara komai, cin abinci, sa takalmi, karɓar abu daga hannun babba, saboda haka da moton, wato babur, ya tsaya a lungun da ke bayan unguwarmu ban yi wani tunani ba na zuro ƙafar dama ƙasa. 'Yan matan Moshi, ƙabilar garin, tun suna goye suke bisa moto, sun san ta hagu ake sauka domin salansa, bututun nan na hayaƙi, a dama take. Ni 'yar Zongon Wagadugu ce, kuma ranar ce hawana na farko. Zanena ya ɗage, sharaɓata ta manne da ƙarfen, na ji ƙauri kamar ana babbakar kai kafin ma zafin ya iso mini.

Mai moton saurayina ne, ɗan Maraɗi, direban babbar mota da ke bin hanyar Wagadugu zuwa Yamai. Gidanmu an san da zamansa, yakan zo zance ƙofar gida da la'asar kamar yadda aka saba. Shi ne mai kawo mini littattafan soyayya na Hausa, waɗanda a lokacin suka fara yawo hannun direbobi, ba a daɗe da canza wa ƙasarmu suna ba. Faransanci muka yi a lakwal, makarantar boko, amma da haruffan nan na dinga haɗa baƙi har na iya karanta harshen uwata. Na karanta har na zama kamar wadda ke zaune a cikinsu. Idan na ɗebo ruwa a famfo, a raina wata ce mai tafiyar hawainiya ke ɗebowa, kuma wani na laɓe yana kallonta zuciyarsa na bugawa.

Ran nan barkar haihuwa na je unguwar Tampouy, gidan kawuna. A dawowa na tsaya bakin hanya rana na dukana, sai ga shi ya faka a gabana.

"Ranki ya daɗe, hau in rage miki hanya."

Na san ba a yi. 'Yar Zongo ba ta hawa bayan namijin da ba mijinta ba, ko da an sa rana. Na hau. Muka biyo ta gefen baraj, madatsar ruwan garin, ruwa na ƙyalli, mata na ban ruwan salak a lambuna, iska ta cika mini mayafi tana neman ƙwace shi. Ƙarfen bayan kujera na riƙe, ko rigarsa ban taɓa ba. Har yau in aka tambaye ni ranar da na fi jin daɗin duniya ina budurwa, wannan tafiya zan ambata, kuma ban taɓa neman gafarar kowa a kanta ba.

Matsalar ita ce kowace mace a Zongo ta san wannan ƙuna. Wurinta ɗaya ne, cikin sharaɓar dama, fadinta kamar ganyen goro. In an gan ta a ƙafar budurwa a gidan biki ko wajen ƙunshi, ba a tambaya, sai dai a taɓa juna da gwiwar hannu.

Goggo ce ta fara gani. Yayar Baba ce, mijinta ya rasu ta dawo gida, kuma ita ta raine ni tun yaye saboda ni ce ɗiyar fari. Inna ko sunana ba ta faɗi, balle ta duba mini ƙafa. Goggo ta ja ni ɗaki, ta ɗaga zanen, ta daɗe tana kallon bororon da ya taso fal da ruwa.

"Wannan kuma fa?"

"Salansa ce, Goggo."

"Rufe mini baki, ja'ira! Dutsen guga ne. Kina gugar kayan ubanki ya kife miki a ƙafa. Me na ce?"

Na mayar da zanena na rufe ƙafar. Ta ɗauka na yarda.

A unguwarmu an san Goggo da maganin ƙuna. Yaro ya faɗa cikin koko, ko mai ya fantsamar wa mai tuya, gidanmu ake kawowa. Tana da wani gwangwani cike da gashin zomo da take saye wurin maharba. Sai ta fasa bororon da ƙaya, ta barbaɗa gashin a kan ɗanyen wurin, ya manne, ya bushe ya zama ɓawo, in ciwo ya warke ɓawon ya faɗi da kansa. Na ga yaran da suka warke a hannunta da idona, ba zan yi mata ƙarya ba. Haka ta yi mini, ta ce kada ruwa ya taɓa, kada in fita, kada kowa ya gani saboda baki.

Sama ya bushe kuwa. Ɓawon ya yi tauri, toka-toka, Goggo na ƙwanƙwasa shi da farce kowace safiya tana cewa ma sha Allah. Amma ni da ke ɗauke da ƙafar na san wani abu na tafasa a ƙasa. Zogi ya fara, irin wanda ke tafiya tare da bugun zuciya. Gefen ɓawon ya yi ja yana sheƙi, jan na faɗaɗa kullum. Ƙafar ta kumbura har idon sawu ya ɓace, silifas ya daina shiga. Kaluluwa ta fito mini a matsematsi, masassara na zuwa da yamma. Da na daina iya taka ƙafar sai na koma salla a zaune. Sannan wari ya zo, kaɗan-kaɗan, wanda turaren wuta bai iya rufewa.

Na san wannan wari. Muna yara akwai wani tsoho mai tallar goro a bakin layinmu, ƙafarsa ɗaure da tsumma, ƙudaje na binsa. Gyambo ne, an ce ƙaramin ciwo ne ya fara. Da shi na san shi, da shi kuma aka kai shi makwancinsa. Ina kwance ina shinshinar ƙafata, na ga kaina a kan tabarmarsa.

"Goggo, ƙafar nan ruɓewa take yi."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Dafi ne ke fita. Ke dai garajen tsiya gare ki, shi ya kai ki ga abin da ya kai ki."

Da saurayina ya dawo daga Yamai ya aiko a kira ni, na dafa bango na ja ƙafa har zaure. Na riga na tsara yadda za ta kasance. Zai ga halin da nake ciki, idanunsa su kaɗa su yi ja, ya ce ko duniya za ta taru a kansa sai ya kai ni wurin likita. Ya dubi ƙafar, ya dubi hanya, ya rage murya.

"An ce dutsen guga ne, ko?"

"Kai ma haka aka ce maka?"

"Haka ya fi mana, ranki ya daɗe. Ki daure ki bi ta Goggo. In kika je disfansar, ɗakin shan magani, aka naɗa miki farin bandeji, wa zai yarda guga ce? Matar mai masaukina ma ta fara tambaya. Kin san su ne iyayena a garin nan."

"To in ƙafar ta lalace fa?"

"Haba, Allah ba zai sa ba."

Ya ajiye mini sabon littafi a kan tabarma ya tafi. Ban buɗe shi ba ranar. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, amma cikin kukan nan na yanke shawara.

Washegari Goggo ta tafi gidan suna da sassafe. Na fito tsakar gida da muciya a hannu a matsayin sanda. Inna na bakin murhu ta ba ni baya. Ban san yadda zan gaya mata ba, ita ma al'ada ba ta bar ta ta tambaye ni ba. Can sai na ji ta ce, kamar da tukunya take magana, "Mai niyyar fita gara ya fita tun rana ba ta yi zafi ba." Ta miƙe ta shige ɗaki. A kan igiyar shanya na ga mayafinta na fita unguwa, wanda ba ta taɓa shanyawa a nan ba. Na yafa shi na fita.

Disfansar ba ta da nisa ga mai ƙafa biyu. Ni sai da na huta a gindin kusan kowace bishiya. Mai ɗaurin ciwo wata Bamoshiya ce, doguwa, kakkaura, kowa Madam yake ce mata. Hausarta ta ciniki ce kawai, saboda haka Moore, yarensu na Moshi, da Faransanci muka yi. Ta sa na ɗora ƙafar a kan benci, ta sunkuya, ta ɗago tana yamutsa fuska.

"Wa ya liƙa miki kyanwa a ƙafa?"

"Zomo ne, Madam."

"Zomo! Ku 'yan Zongo, ku cinye naman ku ba ciwo gashin. Moto ne?"

"Moto ne."

"Ta dama kika sauka. To shi mai moton yana ina?"

"Yana da aiki."

"Kullum suna da aiki," in ji ta. Ta jawo kwano da almakashi.

Ta jiƙa ɓawon da ruwan magani ta bar shi ya yi laushi. Kafin ta fara cirewa sai ta ce, "Kin yi lakwal? To yau za mu yi darasi, ki bar kallon hannuna. Taɓa wannan ƙafar, taɓa waccan. Wacce ta fi zafi?"

"Mai ciwon."

"Me kuma kika gani?"

"Ta yi ja. Ta kumbura."

"Tana zogi, kuma ta ƙi takuwa. Idan waɗannan suka haɗu sunansu inflammation. Maimaita."

Na maimaita. Ta ce wannan jiki ne da kansa ya tashi tsaye. Da zarar nama ya ji rauni, hanyoyin jini na wurin sai su buɗe, jini ya kwararo da yawa, shi ne jan da zafin. Ruwa ya tsattsafo daga cikinsu ya cika wurin, shi ne kumburin, kumburin kuma ya matse jijiya, shi ne zogin. A cikin jinin akwai wasu fararen ƙwayoyi masu cinye ƙazanta da ƙwayoyin cuta, su ake kawowa. In ciwo ƙarami ne sukan gama aikinsu cikin 'yan kwanaki, komai ya lafa. Nawa ya ƙi lafawa ne domin an rufe ƙwayoyin cuta a ciki an hana su hanyar fita.

Tana faɗin haka ta ɗaga gefen ɓawon. Na yi ƙara har wani tsoho da ke jiran allura a waje ya yi salati. Mugunya ta bulbulo, ruwan ɗorawa, mai kauri, warin ya cika ɗakin.

"Ga abin da zomonku ke gadi," in ji Madam. "Wannan pus. Gawar fararen ƙwayoyin nan ce da ta ƙwayoyin cuta da narkakken nama. Ba kunya ba ce, amma ba a ajiye ta a jiki."

A tsakiyar ciwon akwai wani wuri baƙi-baƙi, gefensa fari kamar jiƙaƙƙiyar fata. Ta taɓa shi da bakin almakashi ta ce, "Kin ji?" Ban ji komai ba, har na yi murna. Ta girgiza kai. Ta ce inda ke zafi yana da rai, wannan da ba ya jin komai ya mutu, sunansa nécrose, kuma mataccen nama ba ya farfaɗowa, sai dai a yanke shi, in ba haka ba ya ci na kusa da shi har ya kai ƙashi. Ta ce ƙunar da ta tsaya a saman fata, irin ta yaran da koko ya zubo wa, takan warke ko an sa mata gashi ko ba a sa ba. Salansa kuwa ƙarfe ne, ta dafa ni har ciki.

Ta yanke, na ciji mayafin Inna. Ta wanke, ta shimfiɗa ƙyalle mai magani, ta naɗe da bandeji fari fat tun daga idon sawu har kusa da gwiwa. Aka yi mini allura. Ta ce kowace safiya in zo fansama, wato wanki da sabon ɗauri, kada in yi fashi, kada kuma kowa ya kwance a gida.

"In kin bari suka mayar miki da zomo, ma fille, 'yata, kada ki dawo mini. Babban asibiti za ki, can kuma ba almakashi suke ɗauka ba."

Zanena zai iya rufe bandejin in na sassauta ɗauri. Na tsaya a ƙofar disfansar na duba, sai na ga in na sake shi zai dinga jan ƙasa yana kwaso ƙura da taɓo zuwa kan ciwon. Na ɗaure shi inda na saba ɗaurewa. Haka na ratso Zongo da hantsi, lokacin da kowa ke ƙofar gida.

Mai waina ta bakin masallaci ce ta fara. "Sannu 'yar Alhaji. An ce guga ko? Wannan dutsen gugar da ƙafa biyu yake tafiya ko da taya?"

"Da taya, Iya. Har baraj ya kai ni."

Matan da ke jiran waina suka kwashe da dariya, wata ta tafa hannu, wata ta ce a'uzubillahi. Kafin in kai gida labarin ya riga ni. Na tarar da Goggo a tsakar gida ko mayafin suna ba ta cire ba.

"Kin kashe ni! Kin tona mana asiri a bainar jama'a! Ni da ake kawo wa 'ya'yan mutane, tawa ce za ta kai ƙafa wurin Bamoshiya?"

"Goggo, mugunya ce cike a ciki."

"Da kin bari ai da ta tsotse!"

Ta rantse ba zan sake fita ba. Da safe na fita. Ta ɓoye muciya, na ɗauki tsohuwar sandar labule. Ta zauna a bakin zaure, na tsaya a gabanta har mai kawo itace ya yi sallama dole ta kauce. Baba kuwa tun asuba yake tafiya rumfarsa ta atamfa a babbar kasuwa, sai gab da magariba yake dawowa. Shi har lokacin guga ya sani, domin babu mai ƙarfin halin kai wa Alhaji irin wannan magana.

Masassara ta sauka, kaluluwa ta baje, idon sawuna ya sake bayyana. Amma ciwon kansa, in Madam ta buɗe, sai in ga kamar ya fi da girma. Rami ne ja wur, ɗanye, cike da ƙananan ƙuraje kamar cikin gwaba, ko ƙyalle ya goge shi sai jini. Na tsorata na ce mata ko dai ya ƙi ne.

"Yaa sõma," in ji ta, wato ya yi kyau. "Wannan jan shi muke nema. Bourgeon ke nan, sabon nama ne ke tsirowa daga ƙasa da sababbin hanyoyin jini, shi ya sa yake saurin zubar da jini. Sai ya cike ramin tukuna fata za ta taho daga gefe ta rufe. Ciwo mai zurfi daga ƙasa yake warkewa. Wanda ya rufe sama ya bar ƙasa, kin riga kin ga irinsa."

Wata rana ruwan sama ya kama ni a hanyar dawowa. Bandejin ya jiƙe ya yi nauyi, ina shiga gida ya zame har idon sawu. Goggo na zaune tana tsinar shinkafa. Ta ga jan naman, ta saki faranti.

"Innalillahi! Sun ƙwaƙule miki ƙafa! Ni na ba su ciwo busasshe, su sun mayar da shi ɗanye!"

Wannan karon ba ta tsaya a kaina ba. Baba na shigowa ta tare shi tun bai ajiye buta ba. Aka shimfiɗa masa buzu a tsakar gida, aka kira ni. Ban iya durƙusawa ba, dole na zauna na miƙe ƙafa a gaban mahaifina, abin da ban taɓa yi ba. Na lulluɓe ciwon da wani tsabtataccen ƙyalle da Madam ta ba ni saboda irin haka. Inna na ɗaki, labulenta a sake. Ta kan katanga kuwa na san kunnuwan maƙwabta a buɗe suke.

Goggo ta ce abu biyu take so. A hana ni fita, a bar ta ta mayar da maganinta tun ƙafar ba ta tafi ba. Ta ce mutanen yaron nan mai zuwa zance sun fara ja da baya saboda surutu, in aka rufe ni aka rufe ciwon, maganar guga za ta iya tsayawa.

Baba ya ce, "Wane surutu? Ba guga ba ce?"

Goggo ta zuba mini ido. Na san in na ce guga ce, an gama, gobe gwangwani zai fito.

"Salansa ce, Baba. Moton direban nan na hau daga Tampouy."

Carbin hannunsa ya tsaya. Baba ya sa mini sunan mahaifiyarsa, saboda haka bai taɓa kirana da komai ba sai uwata. Ran nan bai ce uwata ba.

"Ke. Kin hau bayan namiji, a garin nan, da rana tsaka?"

"Na hau, Baba."

"Kin san abin da za a ce da gidan nan?"

"An riga an faɗa, ina jin sa kowace safiya a hanya. Baba, ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama a kan moto. Amma ƙafar nan da aka buɗe ta mugunya ce a ciki da mataccen nama, saura kaɗan ya kai ƙashi. Wannan jan da Goggo ta gani sabon nama ne, ka duba gefensa."

Na ɗaga ƙyallen. Bai so dubawa ba, amma ya duba. A kewayen jan akwai wani siririn zobe mai haske, fata sabuwa, ba ta kai faɗin zare biyu ba.

"Yaudara ce irin ta masu farar riga," in ji Goggo. "Alhaji, ni na yi maka wankan tsarki kana yaro, yau za ka fifita maganar 'yar cikinka a kan tawa?"

"Goggo, ki yafe mini," na ce. "Ke kika goya ni, ban da kamarki. Amma ko an kulle ni a ɗaki, duk gashin da aka sa mini zan kankare shi da farcena. In an ɗaure hannun in goge shi da bango."

Ba a taɓa yi wa Goggo haka ba. Baba ya miƙe ya ɗauki butarsa.

"Yaya, a bar ta ta je. Ke kuma, ba ni da magana da ke."

Ya cika alkawari. In na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai ya wuce. Goggo ta daina shiga sabgata, sai dai kowace safiya nakan tarar da kwanon kunu a rufe a bakin ƙofata, kuma na san ba Inna ce ke damawa da tsamiya haka ba. Direba bai sake zuwa ba. Baba bai ma sami damar korarsa ba, aka ce ya koma bin hanyar Lome. Na daɗe ina jin ƙarar moto a lungu ina gyara ɗankwali. Na tsara dawowarsa iri-iri a raina, wani zubin da hawaye, wani zubin da rashin lafiyar da ba mai maganinta sai ni, kuma a kowanne sai na ja masa rai kafin in yafe. Ko ɗaya bai faru ba. Na ji zafin abin sosai, amma ko sau ɗaya bai sa na yi fashin fansama ba.

Damina ta ja, zoben nan na matsowa ciki a hankali, ramin na tsukewa. Daga kullum Madam ta mayar da ni bayan kwana bibbiyu. Sai ƙaiƙayi ya zo, mai sa mutum ya so ya yage fatarsa. Madam ta ce alamar haɗewa ce, in na sosa za ta ɗaure mini hannu da ragowar bandeji. Ranar da ta kwance ba ta sake naɗawa ba, ta dafa wurin da babban yatsa. Ya rufe ruf, sumul, yana sheƙi, ya fi sauran jikina haske.

"Cicatrice," in ji ta. "Tabo. Faci ne jiki ya yi, ba irin fatar da ba ce. Gashi ba zai fito a nan ba, gumi ma haka, kuma zai ɗan tsuke ya yi duhu da shekaru. Ki dinga shafa man kaɗe, kada ki bar rana ta dake shi. Tashi ki ba ni wuri, akwai masu ciwo."

Na yi mata godiya da Moore, ta amsa da Hausarta ta kasuwa, ta ce in gaida zomo.

Bayan 'yan kwanaki ina shara da asuba, Baba ya fito zai tafi kasuwa. Ya wuce ni har ya kai bakin zaure, sai ya tsaya, bai juyo ba.

"Uwata."

Na tsayar da shara. "Na'am, Baba."

"Akwai turmi uku da za a kai wa wata hajiya a unguwar Bilbalogho. In kin gama ki same ni a rumfa. Da ƙafa za ki."

"Da ƙafa, Baba."

Na gama shara, na sa silifas ɗina duka biyu, na bi bayansa.